Digiri Ko Lasisi? Jagora Ga Ɗan Indabo Mai Son Tuƙa Jirgi Mai Saukar Ungulu

A cikin duk sharuɗɗan da ake cikawa kafin a ba mutum izinin tuƙa jirgi mai saukar ungulu, babu inda aka ambaci digiri. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, abu biyar take dubawa: shekarunka, lafiyarka, jarrabawar da ka ci a aji, yawan awannin da ka yi a sama, da kuma ko za ka iya magana da hasumiya da Turancin da za a fahimta. Saboda haka yaron da ya gama sakandare a Indabo, a ƙaramar hukumar Wudil, ya ce wa mahaifinsa, "Baba, wannan aikin ba ya buƙatar jami'a," bai yi ƙarya ba. Sai dai bai faɗi duka ba. Doka ba ta neman digiri, amma wanda zai biya maka kuɗin koyon tuƙin sau da yawa yana nema, kuma a gidajen da ake jiran kaka kafin a biya kuɗin jarrabawar WAEC, maganar wa zai biya ita ce gaba da kowace magana.

Abin da doka take nema

Najeriya tana bin ma'aunin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, kuma lasisin hawa uku ne. Na farko shi ne PPL, lasisin tuƙa jirgi don kai, ba don a biya ka ba. Ana ba da shi daga shekara 17, bayan aƙalla awa 40 a sama. Na biyu, CPL, shi ne na neman abinci: shekara 18, awa 150, ko awa 100 idan an yi su a jere cikin kwas ɗin makarantar da hukuma ta amince da ita. Na uku, ATPL, shi ne na zama kyaftin a manyan jiragen da mutum biyu ke tuƙawa, kuma sai ka kai shekara 21 da awa 1,000. A tsakani akwai wata shaida da ake kira IR, ta iya tuƙi da agogunan gaban jirgi kaɗai idan gajimare ko hazo ya rufe ido. Wanda ya san yadda hunturu ke mayar da sararin Kano fari fat a watan Janairu ya san dalilin da ya sa kamfanoni ba sa kallon matuƙin da ba shi da ita.

Jarrabawar aji kuwa ta ƙunshi dokokin sama, ilimin yanayi, sanin hanya da taswira, yadda injin da farfela ke aiki, lissafin nauyi da mai, halin jikin ɗan Adam a sama, da ƙa'idar magana a rediyo. Lissafinta bai wuce na sakandare ba, amma ana son ka yi shi da ka, cikin sauri, alhali hannayenka biyu da ƙafafunka biyu duk suna bakin aiki. Jirgin da ke gudun mil 120 a awa yana cin mil 2 kowane minti. Idan saura mil 50 ka isa, minti 25 ke nan, to man da ke tanki zai kai, har da na ajiya? Irin wannan ne. Makarantun tuƙi, ciki har da kwalejin NCAT ta Zariya da aka kafa a 1964, abin da suke nema a ƙofa shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi da Fiziks. Duk ɗan ajin SS1 da ke da wannan buri, ya shiga ajin kimiyya tun yanzu, don gyaran wannan kuskure daga baya yana cin shekara.

Je wurin likita kafin ka je ko'ina

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi kowane araha. Mai son CPL sai ya ci gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wanda matuƙa ke kira Kilas Wan, kuma ba kowane likita ke yin sa ba, sai waɗanda NCAA ta naɗa. Za a duba ido, kunne, zuciya, jini da fitsari. Sanya tabarau ba ya hana farar hula tuƙi, matuƙar tabaran suna gyara ganin ya kai ma'auni, ko da yake soja sun fi tsanani a nan. Abin da ke kayar da mutane ba zato shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore. Mutum sai ya girma har ya yi gemu bai san yana da shi ba, sai ranar da aka buɗe masa littafi mai ɗigo-ɗigo aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Farfaɗiya da ciwon sikila na SS suna rufe ƙofar. Ciwon suga da hawan jini kuwa sai an yi bincike mai zurfi. Ana kuma gwajin ƙwaya. Wanda ya saba da tiramol ko kodin ya sani fitsarinsa zai tona shi.

Kafin ma a kai ga Kilas Wan, gwajin launi da na rukunin jini abu ne da za a iya yi a asibiti a Kano cikin yini ɗaya. A yi shi kafin a sayar da ko akuya. Kuma a riƙe wannan a rai, don za mu koma kansa: takardar lafiyar nan ba ta dindindin ba ce. Duk shekara ake sabunta ta, a wasu ayyukan ma duk wata shida idan mutum ya haura 40.

Me ya sa yake da tsada haka

Jirgi mai fukafukai idan an daidaita shi yana son ya tafi da kansa. Helikwafta, wato jirgi mai saukar ungulu, ba ta da wannan hali. Sandar da ke tsakanin gwiwoyinka tana karkata farfelar sama gaba, baya ko gefe. Sandar hannun hagu tana ƙara ko rage ɗagawa. Takun ƙafa biyu suna sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya don kada jikin jirgin ya riƙa juyawa. Ka taɓa ɗaya, sai ka gyara sauran biyun. Koyon tsayar da ita cak a iska kamar tsayuwa ne da ƙafa ɗaya a cikin kwalekwale a tsakiyar kogin Wudil da damina, kuma yawancin ɗalibai sukan ci awanni da dama kafin jikinsu ya gane. Bayan haka sai a koya maka sauka idan inji ya mutu, inda iskar da ke ratsa farfela daga ƙasa ce kaɗai ke juya ta.

Kowace awa a cikin waɗannan kuɗi ce, kuma da dala ake lissafa ta ko da a Najeriya kake, domin kayan gyara daga waje suke zuwa. Sassan helikwafta da yawa suna da wa'adi: ko sun lalace ko ba su lalace ba, idan awanninsu sun cika sai a cire. Ƙaramar Robinson R22 mai kujera biyu, wadda aka fi koyo da ita a duniya, dole a warware ta gaba ɗaya a sabunta bayan awa 2,200 ko shekara 12. A Amurka, daga farawa zuwa CPL da IR yakan ci dala 70,000 zuwa sama. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Ka buga lissafin da kanka, sannan ka je kara ranar Juma'a ka tambayi kuɗin bijimi, ka ga garke nawa ake magana. Gidaje ƙalilan ne a duk ƙaramar hukumar Wudil za su iya ɗaukar wannan, kuma ko su ma bai kamata su ɗauka ido rufe ba.

Darasin 'yan Jodan

Kano ta riga ta gwada wannan da kuɗin jama'a. A zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, gwamnatin jiha ta tura matasa 100 ƙasar Jodan su koyi tuƙin jirgin sama. Sun je, sun yi karatu, sun dawo da lasisi a hannu. Wasu sun samu shiga kamfanonin jirage. Da yawa kuwa suka zauna shekaru ba su sake taɓa sitiyarin jirgi ba. Wasu suka kama koyarwa da aikin ofis, har jaridu suka ba da labarin wanda ya koma kan keken ɗinki.

Nasu jirgi mai fukafukai ne, amma ramin da suka faɗa yana jiran ɗan helikwafta ma, har ya fi zurfi. Lasisi yana nuna ka iya tuƙi ne kawai; kamfani kuma yana son shaidar ka ƙware a kan ainihin samfurin jirgin da yake da shi, abin da matuƙa ke kira taif-retin. Wanda ya koya a R22 ba zai hau Sikorsky S-76 ko AW139 ba sai ya sake wani kwas na musamman, shi ma na dubban daloli. Ga kuma matsalar awanni. Sabon matuƙi yana fitowa da awa 150 ko 200, kamfanin mai da kamfanin inshora kuma suna son mai ɗaruruwa ko dubbai. A Amurka sababbi sukan zama malaman tuƙi har su tara awa 1,000, domin makarantu sun yi yawa. A nan makarantun helikwafta ba su da yawan da za su ɗauke su. Lasisin da aka ajiye a akwati kuma yana tsufa: gwajin lafiya ya ƙare, IR ta ƙare, hannu ya yi sanyi, kowanne sai an sake biya.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka daga labarin nan abu biyu ne. Tallafin da ya tsaya a kan lasisi, bai haɗa da taif-retin da alkawarin kujera ba, rabin tallafi ne. Sannan a shekarun jira, wanda ke da wata takarda ko sana'a a hannu shi ya samu abin dogaro.

Ƙofofin da ake shiga

Ƙofar da ta fi faɗi ga ɗan talaka ita ce soja, kuma a nan gardamar digiri ko lasisi ba ta ma taso ba, domin tare ake ba ka su. Makarantar NDA ta Kaduna, wadda ita ma aka kafa a 1964, tana ɗaukar masu takardar sakandare ta hanyar JAMB da tantancewarta, ta ba su digiri da muƙamin hafsa. Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa helikwaftar yaƙi a rundunar sojin saman Najeriya, ta wannan hanyar ta bi. A Kaduna ta tashi, ta shiga NDA a 2012, ta karanta Lissafi, ta fito a 2017, aka tura ta makarantar Starlite a Afirka ta Kudu, aka liƙa mata fukafukan matuƙi a watan Oktoban 2019. Ta rasu a hatsarin mota a Kaduna a watan Yulin 2020, tana da shekara 24. Na kawo ta ne har don 'yan mata masu karanta wannan su san ƙofar ba ta maza kaɗai ba ce. Sojin sama suna fara koyar da tuƙi a Kaduna, masu helikwafta kuma a kai su Inugu, inda akwai makarantar IHFS mai amfani da Robinson R66, wadda take karɓar farar hula ma. Sojin ruwa suna da nasu jiragen, sojin ƙasa ma sun karɓi Bell UH-1H a 2024.

Amma a shiga da ido buɗe. Ba duk wanda ya shiga NDA ta ɓangaren sojin sama ke zama matuƙi ba. Rundunar ce ke zaɓa, kuma tana iya mayar da kai injiniya ko mai kula da kaya. Iyakar shekarun shiga tana tsayawa ne a farkon shekarun ashirin, saboda haka wanda ya ce bari ya gama jami'a tukuna ya rasa wannan layin. Kuma aikin soja ne, ba makarantar tuƙi ta kyauta ba. A watan Agustan 2023 helikwaftar Mi-171 da ta je kwaso sojojin da aka raunata ta faɗi a yankin Shiroro na jihar Neja. Wanda zuciyarsa ba ta karɓi wannan ba, kada ya sa kakin don son jirgi kawai.

Tun da a ƙasar Wudil muke, wani zai tambaya game da makarantar 'yan sanda da ke nan kusa. Ita ma tana ba da digiri tare da muƙamin ASP, kuma rundunar 'yan sanda tana da sashen jirage mai helikwaftocin Bell. Sai dai makarantar ba ta koyar da tuƙi. Ka shige ta ne idan kana son aikin ɗan sanda.

Ƙofa ta biyu ita ce kamfani ya ɗauke ka ba ka iya komai ba, ya koyar da kai da kuɗinsa, ka yi masa aiki na wasu shekaru. Bristow ta yi wannan shekara da shekaru, tana tura 'yan Najeriya makarantarta da ke Titusville a jihar Florida. Cikin waɗanda suka fito ta hannunta akwai Abimbola Jayeola, wadda ta zama mace ta farko kyaftin ɗin helikwafta a ƙasar nan a 2014, ta kuma saukar da S-76 a kan teku a watan Fabrairun 2016, mutum 11 da ke ciki duk suka tsira. To ga inda digiri ke shigowa: tallan neman irin waɗannan ɗalibai da Bristow ta riƙa fitarwa yana neman digiri mai daraja ta biyu ko sama, da takardar hidimar ƙasa. Ba don digirin zai tuƙa jirgin ba. Idan dubban mutane suka nemi kujeru 'yan kaɗan, dole a sa rariya, kuma digiri ita ce rariyar da ta fi sauƙin sawa. Yana kuma nuna wa mai zuba dalolinsa cewa wannan yaron ya taɓa fara abu mai wuya ya kai shi ƙarshe. Irin wannan dama ba kullum take buɗewa ba. Tana bin farashin ɗanyen mai. Idan ta buɗe kuma, makonni kaɗan take yi, ba ta jiran ka gama aji uku.

A wasu ƙasashen rariyar tana sassautawa. Kamfanin Delta na Amurka ya cire sharaɗin digiri ga matuƙansa a farkon 2022, sojin ƙasan Amurka kuma sun daɗe suna ɗaukar ɗan sakandare kai tsaye su koya masa helikwafta. Can a lokacin matuƙa ake nema ruwa a jallo. Nan kujerun ne suka yi kaɗan, don haka kada ka auna kanka da abin da ka gani a YouTube.

Wane digiri, kuma a ina

Ra'ayina shi ne a yi digirin, amma a yi shi da araha, kusa da gida, kuma a fannin da zai ciyar da kai ko da ba ka taɓa hawa jirgi ba. Ɗan Indabo ya yi sa'a a nan. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, tana koyar da injiniyanci, Fiziks, Lissafi da ilimin kwamfuta. Ga Jami'ar Bayero a Kano. Ga kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Duk abin da za a kashe a shekara huɗu ko biyar a nan bai kai kuɗin awanni kaɗan a cikin helikwafta ba. Wannan shi ne abin da ya bambanta mu da Amurka, inda digiri kansa kan ci abin da ya kai kuɗin lasisi, har mutum ya tsaya yana auna wanne zai ɗauka. Mu a nan ba kuɗi ɗaya suke takara a kai ba.

Injiniyancin kanikanci ko na lantarki na fi ba da shawara, sai Fiziks. Mai son ya kusanci jirage tun daga aji yana iya neman AFIT ta sojin sama a Kaduna, wadda ke karɓar farar hula tana koyar da injiniyancin jiragen sama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwashi miliyoyi a kai yaro wata jami'a mai tsada a waje don digirin da aka liƙa wa sunan jirgin sama, alhali ba awa ko ɗaya a ciki. Kujerar matuƙi ba ta san wannan takarda ba, kasuwar aiki ta gari ma ba ta san ta ba.

Shin digirin yana ƙara wa mutum iya tuƙi? Hannu da ƙafa, a'a. Akwai masu digiri biyu da suka kasa tsayar da jirgi a iska, akwai 'yan sakandare da suka kama cikin mako. Amma a aji yana taimakawa. Wanda ya karanta Fiziks ba sai an sha wahala ba wajen fahimtar da shi dalilin da ya sa helikwaftar da ta ɗauki mutum huɗu da asuba a watan Disamba take nishi da mutum uku da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ya kai 40 iska ta yi shara-shara, farfela ta rasa abin kamawa. Babban amfanin kuma, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne Turanci. ICAO ta raba iya Turanci hawa shida, matuƙi kuma dole ya kai hawa na 4, a baki da kunne, ba a takarda ba. Yaron da ya yi makarantar gwamnati a ƙauye yana iya cin kiredit a Turanci alhali bai taɓa yin hirar minti goma da shi ba. Shekarun jami'a, cikin 'yan Kogi da 'yan Binuwai da malamai daga ko'ina, su ke sakin harshen. Ka nemi zama da waɗanda ba sa jin Hausa da gangan.

Digirin yana da nasa farashin, kuma lokaci ne. A 2020 yajin aikin ASUU ya ci wata tara, a 2022 ya ci takwas. Ka shiga da shekara 19, injiniyanci shekara 5, hidimar ƙasa 1, ga yajin aiki, sai ka ga kana 26 ko 27 ba ka yi awa ɗaya a sama ba, alhali masu ɗaukar ɗalibai suna da iyakar shekaru. Shi ya sa jerin ke da muhimmanci. A shekarar da ka gama sakandare, nemi NDA da farko, ka sake nema muddin shekarunka ba su wuce ba. Idan ba ta samu ba, ka shiga jami'a ba tare da zaman shekara a gida ba, ka dage ka fita da daraja ta biyu mai kyau, kana sa ido a kan tallan kamfanoni da na hukumar tallafin karatu ta jiha. Wanda ya gama digiri yana iya shiga soja ta gajeren kwas na DSSC, sai dai wannan galibi layin ƙwararru ne kamar likitoci da injiniyoyi, ba hanyar da za a dogara da ita don kujerar matuƙi ba.

Inda aikin yake, da ranar da aka sauko

A sani tun yanzu cewa abincin helikwafta a Najeriya yana kudu ne. Bristow, Caverton, Aero Contractors da OAS, yawancin aikinsu kai ma'aikata ne dandamalin haƙar mai a teku daga Legas, Fatakwal, Warri da Eket. Caverton ma ta kafa na'urar kwaikwayon tuƙin AW139 a Legas. Mai wannan aiki sai ya yi horon kuɓuta daga jirgin da ya kife a ruwa: a ɗaure ka a kujera cikin akwati, a nutsar da shi a tafki, a juya shi, ka kwance kanka ka fito ta taga. Wanda ya tashi yana iyo a kogi ya samu gaba a nan. A arewa, ban da na jami'an tsaro, akwai jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke tashi daga Maiduguri zuwa irin su Bama, Dikwa, Monguno da Ngala, sai hayar 'yan siyasa da ke zuwa da kakar zaɓe ta tafi da ita.

Sana'ar da ta rataya a kan ɗanyen mai kuwa tana hawa da sauka tare da shi. Farashi ya faɗi daga 2014, uwar kamfanin Bristow a Amurka ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a 2019, reshenta na Najeriya kuma ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin 100 a watan Agustan 2020. Ga kuma waccan takardar lafiyar da ake sabuntawa duk shekara. Mutum yana da shekara 38, yana da 'ya'ya biyar a makaranta, likita ya ga wani abu a gwajin zuciya, shi ke nan an sauko. A ranar ne ake buɗe akwati a nemo digiri. Ayyukan ƙasa da suka dace da tsohon matuƙi, kamar sufeto a NCAA, mai binciken hatsari a NSIB, jami'in kiyaye haɗurra ko manaja a kamfani, duk sun fi sauƙin samu da hawa ga mai takardar jami'a, musamman a gwamnati inda matakin albashi ke bin takarda.

Idan kuɗin yana hannu

Akwai wanda wannan lissafin bai shafa ba sosai: ɗan gidan da zai iya biyan CPL, IR da taif-retin ba tare da an sayar da gonar gado ba, kuma akwai wani kamfani da aka yi magana da shi. Shi kam ya fara tuƙi da ƙuruciya, don a wannan sana'a awanni da daɗewa a kamfani ne ke ɗaga mutum, ya yi digirin daga baya a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN a makonnin hutunsa. Amma ko shi akwai abin kiyayewa.

Kai kuma Alhajin da zai biya kuɗin, kafin ka sa hannu a kan komai, ka tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda hukumar ƙasarta ta amince da su, ka kuma tambayi NCAA yadda za a mayar da lasisin na Najeriya, domin lasisin waje ba ya aiki a nan sai an sake jarrabawar dokokin sama da gwajin lafiya. Ka tambayi helikwafta nawa makarantar take da su masu tashi yau, ba waɗanda ke cikin hoton talla ba, da ɗalibai nawa ke layi a kan kowace. Wannan tambaya ta shafi makarantun gida ma: NCAT ta Zariya ta shahara ne a jirgi mai fukafukai, helikwaftocinta biyu ƙirar Bell 206 kuma an sayar da su a 2023, har majalisar wakilai ta yi bincike a kai. Ka nemi lambar ɗaliban da suka gama bara ka ji daga bakinsu ina suke aiki. Dillalin da ya ce zai samo gurbi da biza da aiki duka a dunƙule, a bar shi da kayansa.

Kada kuma a biya kuɗin kwas gaba ɗaya a tashi guda, ko da an yi alkawarin ragi. A watan Fabrairun 2008 makarantar Silver State Helicopters, ɗaya daga cikin mafi girma a Amurka, ta rufe ƙofa dare ɗaya, ɗalibai sama da 2,000 suka wayi gari da bashin banki, da yawansu ba lasisi. A riƙa biya kashi-kashi, gwargwadon awannin da aka yi. Shi kuma ɗalibin ya riƙe littafin awanninsa a hannunsa, malami ya sa hannu a kan kowane tashi a ranar da aka yi shi, ya kuma ɗauki hoton kowane shafi ya ajiye a wani wurin, domin idan makaranta ta rufe ko ya sauya ƙasa, abin da ke cikin littafin nan kaɗai wata hukuma za ta ƙirga masa.